Hoton faladiyam: wace takarda, wane ruwan wanki, a wane lokaci na shekara?

Mai neman kayan wanke hoton faladiyam yakan fara cin karo da wani abu mai ɗaure kai. Takardar zane mai tsada, wadda aka rubuta a jikin kwalinta cewa ba ta da asid kuma za ta shekara ɗaruruwa, ita ce sau da yawa ke fito da hoto dishi-dishi, mai tabo kamar an yayyafa masa tsatsa. Idan ya koma kan ruwan wanki, sai ya tarar masana sun rabu: wasu na cewa fotasiyam okzalet, wasu na cewa sitiret. Ga mai hoto da ke Ringim, ko Ƙaraye, ko Birnin Kudu akwai ƙarin matsala ta uku. Kusan duk ƙa'idojin aikin an tsara su ne a ƙasashen da zafin ɗaki ke zama a digiri 20, iska da ɗan danshi, ruwa kuma na famfo. Babu hunturu, babu bazara, babu rijiya mai zartsi a cikin lissafinsu.

## Abin da ake nufi da hoton faladiyam

Faladiyam ƙarfe ne fari mai daraja, ɗan'uwan filatinam. Rasha da Afirka ta Kudu ne suka fi haƙo shi, kuma mafi yawansa yana tafiya ne cikin na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansar mota. A harkar hoto, William Willis na Ingila ne ya yi rajistar hanyar buga hoto da filatinam a 1873. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo aka karkatar da filatinam zuwa masana'antun makamai, sai kamfaninsa ya fito da takardar faladiyam a madadinta. Kamfanin ya rufe a 1937, shi ya sa yau mai wannan aiki yake shafa wa takardarsa magani da hannunsa.

Ruwa biyu ake haɗawa. Na farko ferik okzalet, gishirin baƙin ƙarfe mai jin haske, wanda ake narkawa kimanin giram 27 a cikin mililita 100 na ruwa. Na biyu gishirin faladiyam, kuma sanannen haɗinsa shi ne giram 5 na faladiyam kulorayid da giram 3.5 na gishiri tsantsa a mililita 55 na ruwa. Ana gauraya su kusan daidai wa daida, a shafa a takarda da burushi ko sandar gilashi a ɗaki mai ƙarancin haske, a bari ta bushe. Sai a ɗora dodon hoto a kai, wato hoton leda da fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, a danne da gilashi, a shanya a rana na 'yan mintuna. Ba a faɗaɗa hoton: girman dodon shi ne girman hoton, don haka galibi ana buga dodon daga kwamfuta a kan leda mai ɗaukar tawadar firinta.

Inda haske ya ratsa, baƙin ƙarfen yana sauya hali. Amma ba ya iya taɓa faladiyam ɗin sai an narkar da shi, kuma aikin ruwan wanki ke nan. Da an kwara shi, cikin daƙiƙa kaɗan faladiyam zai koma ƙarfe zalla ya zauna a cikin zaren takarda. Daga nan sai a fitar da sauran baƙin ƙarfen da ruwan tsarkakewa. Hoton ba a kan wata fata yake ba kamar na situdiyo. A cikin jikin takardar yake. Saboda haka duk wani abu da masana'anta ta zuba a takarda ya shiga cikin aikin.

## Inda ruɗanin takarda ya samo asali

Tun ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace da alimun. Irin wannan takarda tana da tsami, shi ya sa tsofaffin jaridu ke yin ja su karye. Don magance haka masana'antu suka fara zuba wa takarda garin alli, wato kalsiyam kabonet, domin ya kashe tsamin. Ƙa'idar duniya ta takarda mai ɗorewa, ISO 9706 ta 1994, ta ce ma'aunin pH ɗinta ya kasance tsakanin 7.5 da 10, kuma ta ƙunshi aƙalla kashi 2 cikin ɗari na allin. A ma'aunin pH, 7 ne tsakiya. Ƙasa da shi ɓangaren tsami ne kamar lemon tsami, sama da shi ɓangaren kanwa da toka.

Wannan alheri ne ga littafi da takardun gado, amma shi ne makashin hoton faladiyam. Ferik okzalet sai a cikin tsami yake zaman lafiya. Da ya haɗu da alli, sai wani ɓangarensa ya koma dangin tsatsa wadda ba ta narkewa, allin kuma ya haɗu da okzalet ya zama wani farin gari da ke maƙalewa a zare. Abin da ido zai gani: baƙin hoton ba ya kai wa baƙi, fuskar mutum ta yi tsaki-tsaki, fararen wurare kuma su yi ruwan ɗorawa wanda ba ya fita ko an kwana ana wanki. Rubutun "ba ta da asid" bai yi ƙarya ba, sai dai ba amsar tambayar mai faladiyam ba ce. Tambayarsa ita ce: an zuba mata alli ko ba a zuba ba?

## Abin da ake dubawa a jikin takarda

Ana son ta zama auduga zalla, ba alli, ba sinadarin ƙara fari irin wanda ke sa takardar fotokwafi ƙyalli. Ana son ta jure jiƙa, domin za ta yi kusan awa guda a ruwa ana ɗaga ta daga wannan baho zuwa wancan. Nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita ya fi sauƙin sarrafawa ga hoto mai girma. Fuska mai santsi tana fito da ƙananan abubuwa, kamar zaren aska takwas a wuyan riga. Mai kaushi tana haɗiye su.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne yawan shan ruwanta. Masana'anta na sa wa takarda wani abu, sitaci ko jelatin ko na zamani, don kada ta tsotse ruwa kamar tsumma. Masu rubutun Alƙur'ani da zayyana sun san wannan tun da daɗewa: tun zamanin da ake kawo takarda mai tambarin jinjirin wata uku daga Italiya ta hanyar Tarabulus, alaramma yana gane wadda tawada ke zama a kanta da wadda ke bajewa. Haka abin yake a nan. Idan takarda ta cika sha, maganin zai nutse can ciki, hoton ya fito ba ƙarfi, an kuma yi asarar faladiyam. Idan ba ta sha sosai, maganin zai tsaya a sama, sai a ga baƙin hoton yana zuba a cikin ruwan wanki kamar hayaƙi. Ga irin wannan ta biyun ana ƙara ɗigo ɗaya na tsinkakken Tween 20, wani dangin sabulu, don maganin ya shiga zare.

Akwai takardun da aka yi su musamman don wannan aiki: Arches Platine daga Faransa, Hahnemühle Platinum Rag daga Jamus, Bergger COT 320, da Revere Platinum. Duk auduga ne marasa alli, ana shafa musu magani kai-tsaye. Akwai kuma siraran takardun Japan irin su gampi da kozo, masu kyau ƙwarai amma masu wuyar riƙewa a ruwa. Ba na mai koyo ba ne. Takardar fotokwafi, da kwalin da ɗalibai ke saya, da takardar hoto ta firinta mai leda a jiki, duk ba su cikin lissafi.

Masana sun rabu kan takardun zane irin su Fabriano Artistico da Rives BFK, waɗanda suka fi sauƙin samu amma suna da alli. Ɓangare ɗaya na cewa a wanke allin: a jiƙa takardar minti 20 a ruwan salfamik asid, giram 100 a lita ɗaya, har ƙananan kumfa su daina tashi, a ɗauraye sosai, a shanya. Hujjarsu ita ce araha da yawan zaɓi. Ɗaya ɓangaren na cewa jiƙon yana rage ƙarfin takarda, yana tayar da gashinta, yana cin ruwa da lokaci, kuma sakamakon ba ya zama iri ɗaya kullum. Duka biyun suna da gaskiya. Sai dai a ƙauyen da ake sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, lissafin ya fi karkata ga takardar da ba ta buƙatar jiƙo, musamman ga wanda bai riga ya gane fuskar kowace matsala ba.

Ba kowane asid ne ya dace da jiƙon ba. Okzalik asid yana kashe allin amma yana barin farin garin nan a zare. Asid ɗin batirin mota kuwa yana cinye audugar kanta, kada a kusance shi.

Gwajin takarda ba ya cin kuɗi sosai. A yanki ƙyalle kamar tafin hannu, a shafa ɗigo huɗu zuwa shida, a ɗora kwabo a tsakiya, a shanya a rana, a wanke yadda aka saba. Gurbin kwabon ya kamata ya koma fari tas kamar gefen da ba a shafa wa komai ba. Idan ya yi ɗorawa, baƙin ƙarfe ya maƙale: alli ne ko ruwa. Idan ya yi ruwan toka, hazo ne, kuma laifin na tsohon ferik okzalet ne, ko hasken ɗaki, ko ruwan wanki.

## Ruwan wanki: okzalet ko sitiret

Fotasiyam okzalet shi ne na gargajiya. Ana narka kimanin giram 330 a lita ɗaya, a ƙara ɗan okzalik asid don pH ya tsaya wajen 6. Yana ba da launin makuba mai ɗumi, baƙi mai zurfi, yana rage lokacin shanya a rana, yana kuma tausasa tazarar fari da baƙi. Gwargwadon zafinsa, gwargwadon ƙaruwar waɗannan halaye. Aibinsa biyu ne. Guba ne, yana kuma iya jawo ɗan hazo a fararen wurare idan faladiyam ne zalla. Masanin kimiyyar nan na Birtaniya Mike Ware ya bayyana cewa okzalet kan iya mayar da ɗan faladiyam ƙarfe ko da haske bai taɓa wurin ba, kuma shi kansa Willis sitiret ya tanadar wa takardarsa ta faladiyam.

Amoniyam sitiret yana ba da launi mai sanyi, ya fi kusa da baƙi da toka, da ɗan ƙarin kaifi tsakanin fari da baƙi, amma yana buƙatar ƙarin lokaci a rana. Sodiyam sitiret yana barin fari tsaf, launinsa ruwan ƙasa mai laushi. Haɗin da ya dace shi ne giram 200 na sodiyam sitiret da giram 20 na sitirik asid a lita ɗaya. Duka biyun sun fi okzalet sauƙin haɗari, sai dai sukan yi fumfuna idan an ajiye su a wuri mai ɗumi.

Masu goyon bayan okzalet na cewa zurfin baƙi da ɗumin launi su ne dalilin da ya sa mutum ya zaɓi faladiyam tun farko, hazon kuma ana iya danne shi da ɗigo ɗaya na sinadarin da ake kira Na2, wani gishirin filatinam da ke tsabtace fararen wurare ya ƙara kaifi. Masu sitiret na cewa gara a kauce wa cutar da a nemi maganinta. Abin da ke raba gardamar shi ne hoton kansa. Dattijo cikin farar babbar riga da farin rawani, inda duk darajar hoton ke cikin ninkin farin yadi, ya fi samun lafiya a sitiret. Ginin ƙasa, rumbu, doki a inuwa, ko fuskar manomi da rana ta dafa, okzalet ne ke ba su nauyinsu.

Sodiyam sitiret yana da wata falala: ana iya haɗa shi da kayan da ake samu a kasuwannin Kano. Kimanin giram 140 na sitirik asid, hodar tsamin nan ta masu haɗa lemo, da giram 170 na bekin soda suna ba da kusan giram 200. Ana zuba sodar kaɗan-kaɗan a babban mazubi domin kumfa na tashi sosai, sannan a cika ruwa zuwa lita, a ƙara giram 20 na asid ɗin. Bekin soda ake nufi, ba bekin hoda ta yin kek ba, wadda ke da sitaci a ciki. Wani kuskure da ya kamata a kauce wa shi ne ɗaukar kanwa a matsayin fotash, kamar yadda ake kiranta da Turancin kasuwa. Kanwa gishirin sodiyam ce mai ƙasa a ciki. In an haɗa ta da okzalik asid abin da zai fito ba ya narkewa fiye da giram huɗu a mililita 100, ba zai wanke hoto ba.

Ko wanne aka zaɓa, ana kwara shi gaba ɗaya lokaci guda ya rufe takardar. In aka yi jinkiri, layi zai fito inda ruwan ya tsaya. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Ba a zubar da shi bayan aiki: a tace, a mayar kwalba mai duhu, a cika gurbin da ya ragu da sabo.

## Hunturu, bazara da damina

Nan ne ƙa'idojin waje ke barin mai hoto a hanya. Faladiyam ya fi son danshin iska wajen kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu danshin iska a Kano da Jigawa yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Takarda ɗaya, magani ɗaya, hoto biyu daban.

A hunturu takarda ta bushe ƙayau. Maganin yana bushewa kafin ya shiga zare, burushi na barin sawu, launi ya koma ja-ja, wuraren da ya kamata su fi duhu kuma su juye su yi ƙyallin tagulla. Maganin wannan shi ne akwatin danshi: bokitin roba mai murfi, a ƙasansa kwano da gishirin miya da aka jiƙa har ya ƙi narkewa duka. Irin wannan gishiri yana riƙe danshin cikin akwati a kashi 75. Ana ɗora takardar a kan raga sama da kwanon, kafin shafa magani da kuma bayan ta bushe, sannan a sa ta a ƙarƙashin gilashi nan take. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin rana, don haka lokacin shanya na jiya ba lallai ya yi yau ba. Sai an gwada da ƙyalle.

A bazara matsalar zafi ce. Idan ƙa'ida ta ce a wanke da ruwa mai zafin ɗaki, digiri 20 take nufi, alhali a watan Afrilu ɗakin kwano yana kai 40. Ke nan okzalet ɗin da ke kan kanta ya riga ya zama ruwan ɗumi ba tare da an ɗora shi a wuta ba, da duk abin da ke biyo baya: launi ya ƙara ja, kaifi ya ragu, hazo ya ƙaru. A wannan lokaci sitiret ya fi sauƙin hali, ko kuma a tsoma kwalbar okzalet a randar da aka keɓe don aikin, a yi wanki da sassafe. Ferik okzalet da aka narka ma watanni kaɗan yake yi, zafi kuma na gaggauta lalacewarsa, don haka gara a sayi garinsa a riƙa narka kaɗan-kaɗan.

Damina da farkon kaka sun fi dacewa: baƙi ya fi zurfi, launi ya fi daidaito. Sai dai takarda na jinkirin bushewa, kuma in aka ɗora dodon hoto a kan mai laima, maganin zai ɓata shi har abada.

## Ruwan rijiya

Ruwa ba ya tsami banza, hoto ma ba ya yin ɗorawa banza. Rijiya mai zartsi ko mai hana sabulu kumfa tana yin aikin da alli ke yi. Burtsatsen da ke barin jan tabo a bokiti kuwa yana ƙara baƙin ƙarfen da ake ƙoƙarin fitarwa. Magunguna dai da tataccen ruwa ake haɗa su, irin wanda masu cajin batir ke sayarwa, bayan an tabbatar ruwa ne zalla ba mai asid ba. Ruwan sama da aka tara a robar da ke fili, ba wanda ya bi ta kan tsatsar kwano ba, ya dace da sauran aikin.

Babban kuskure shi ne ɗauraye hoto da ruwan rijiya tsakanin wanki da tsarkakewa. A wannan lokaci takardar cike take da baƙin ƙarfe, da ya ji ruwa mai kanwa-kanwa sai ya daskare. Daga ruwan wanki kai-tsaye ake shiga baho na farko mai tsami: giram 20 zuwa 30 na sitirik asid a lita, ko giram 50 na EDTA mai sodiyam biyu, sinadarin da ke kama baƙin ƙarfe. Baho uku ake yi, minti biyar kowanne. Na tsakiya ana iya sa masa sodiyam salfayit. Na ƙarshe dole ya kasance garau. Da ya fara sauya launi sai a zubar da na farko, kowanne ya matsa gaba, a haɗa sabo. Bayan haka ne ruwan gari zai iya shiga, a riƙa sauya shi na minti 20 zuwa 30.

## Abin da wannan ke nufi ga mai hoto da mai saye

Hoto mai inci 8 da 10 yana cin ɗigo 30 zuwa 46 na haɗin, gwargwadon takarda da abin shafawa. Sandar gilashi ta fi burushi tattali. Faladiyam ɗin da ke ciki wajen kashi ɗaya cikin ashirin na giram ne. Idan oza ɗaya ta faladiyam, wato kimanin giram 31, tana dala 1,000, ƙarfen wajen dala biyu ne kawai, ko da yake masu sayar da narkakken suna ninka kuɗin, farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya: a watan Maris na 2022 oza ta haura dala 3,000. A kan haka sai a ɗora takarda, jigila da canjin naira. Kowace takarda da ta lalace tana tafiya da faladiyam ɗinta, shi ya sa takarda mai araha kan fi tsada a ƙarshen wata. Mai koyo zai iya fara gwada takardunsa da shuɗin hoton nan na sayanotayif, wanda shi ma gishirin baƙin ƙarfe ne kuma alli na ɓata shi, amma kuɗinsa kaɗan ne.

Ga iyalin da ke son hoton mahaifi ko na naɗin sarauta ya kai ga jikoki, faladiyam ba ya koɗewa a haske kamar hoton firinta. Takardar ce ke iya mutuwa: gara, yoyon ɗaki, da baƙin ƙarfen da ba a fitar ba, wanda kan bayyana a matsayin ɗorawa bayan shekaru. Mai saye ya kwatanta farin cikin hoton da farin gefen takardar a hasken rana. Allin da aka guje wa a lokacin aiki kuma yanzu ya zama mai amfani: kwalin da za a jingina hoton a cikin firam gara ya zama mai alli, kuma kada fuskar hoton ta taɓa gilashi.

Okzalet da okzalik asid suna illa ga ƙoda in aka sha, suna kuma cin fata, don haka safar hannu ta roba dole ce. Wasu tsofaffin ƙa'idoji na ƙara dayikuromet a ruwan wanki don kaifi. Yana cikin sinadarai masu jawo ciwon daji, kuma tun da akwai Na2 babu dalilin shigo da shi gida. Baho, mazurari da cokalin aikin ba sa komawa madafa, kwalaben kuma kada su zama na lemo ko ruwan sha da yaro zai ɗauka. Ragowar ruwan okzalet ana zuba masa farar ƙasa ko garin alli ya kwanta, a bar shi ya ƙafe a mazubi mai rufin raga inda awaki da kaji ba sa kai wa, sannan a binne busasshen nesa da rijiya.